Gafakar Gidadawa

Wanda ya shiga tsohon birnin Sakkwato ta Ƙofar Rini, tafiyar ƙafa za ta kai shi Gidadawa, unguwar zuriyar Waziri Gidado ɗan Laima. A can, cikin littattafan da Waziri Junaidu ya gada daga kakanninsa, akwai gafaka ta fatar akuya cike da warwatsattsun takardu. Daga cikinta aka tono rayuwar Nana Asma'u 'yar Shehu, matar Gidado.

Sunanta bai taɓa ɓacewa a Sakkwato ba. Mata na rera waƙoƙinta, kabarinta na Hubbare kusa da na mahaifinta. Amma ba ta rubuta tarihin kanta ba, kuma masu rubuta tarihin jihadi sun fi maida hankali kan sarakuna da fagen daga. A Turai, mai neman rayuwar malamin da ya daɗe da rasuwa yakan bi takardun rabon gado, inda aka lissafa littattafansa da bashin da ya bari. A nan, rubutun shi ne gadon.

Jean Boyd, malamar makaranta daga Ingila wadda ta zo Nijeriya a 1955 ta daɗe a Sakkwato, ita ce Waziri Junaidu ya buɗe wa wannan taska. Aikin kuwa ba na mai gaggawa ba ne. Littattafanmu na da ba a ɗinke suke ba, kuma babu lambar shafi. Abin da marubuci kan yi shi ne ya sa kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gama. Idan takardu suka cakuɗe, da wannan kalma ɗaya za a yi ta laluben 'yar uwarta. Ga shi kuma harsuna uku ne, Larabci da Fulatanci da Hausa, duk da baƙaƙen Larabci. Ajamin Fulatanci na wancan zamani ba kowane Bafulatani ke iya warware shi ba, sai da taimakon malaman garin.

Abin da ya fi komai amfani shi ne ramzi. Asma'u kan rufe waƙa da wata kalma wadda kowane harafinta ke da adadi, idan an tara sai shekarar Hijira ta fito. A lissafin Magaribawa da malamanmu ke bi, shinun 1000 ne, ra 200, nunun 50, jimun 3. A haɗa su, an sami 1253, shekarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno, wato 1837. Da irin wannan lissafi aka jera waƙoƙin bi da bi, sai ga shekarun mace ɗaya sun miƙe: haihuwa a Degel wajen 1793, hijira zuwa Gudu a 1804 tana yarinya, rasuwar Shehu a 1817, har zuwa tata rasuwar a 1864.

A ganina, marsiyyoyinta sun fi sauran rubutun tona ko ita wace ce. Ta yi wa Bello, ta yi wa mijinta Gidado, ta yi wa aminiyarta A'isha. Wannan ba abin mamaki ba ne ga 'yar gidan mulki. Amma ta yi wa maƙwabciyarta Halima, wadda ba ta da wata sarauta, ta kuma yi wa Hauwa'u, ɗaya daga jajojinta, wato matan da ke jagorantar ɗalibanta. Abin da take yabo a jikin waɗannan mata, haƙuri da sada zumunci da sulhunta mutane, shi ke nuna abin da ta ɗauka da daraja. Ta nan kuma aka ƙara gane tsarin 'Yan Taru: ta naɗa dattijuwa jaji, ta ɗora mata malfa, jajin ta riƙa kawo matan ƙauye Sakkwato su ɗauki karatu a waƙe su koma da shi gida. Boyd ta bi ƙauyuka ta tarar da tsofaffin da ke riƙe da wannan al'ada.

Takardun na da nasu tarko. Da yawa kwafi ne na marubutan baya, kuma wasu waƙoƙin Hausa da ake cewa nata ne, da Fulatanci ta tsara su, ɗan uwanta Isa ya mayar da su Hausa. Waƙar Gewaye na cikinsu.

Boyd ta fitar da tarihin rayuwarta, The Caliph's Sister, a 1989. Daga baya ita da Beverly Mack suka tattara rubuce-rubucen, kimanin sittin, Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka ta buga su a 1997. A watan Janairun shekarar ne Waziri Junaidu ya rasu.