BABI NA UKU: MATSAYIN IKILISIYOYIN KIRISTA GAME DA HAIHUWAR KWALBA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ma'anar ɗa'a a aikin likita da kuma tushenta a addinin Kirista. A wannan babi kuwa za a ɗauki misali guda a yi masa nazari, wato haɗa ƙwan mace da maniyyin namiji a wajen mahaifa, abin da jama'a suka fi sani da haihuwar kwalba. An zaɓi wannan misali ne domin shi ne ya fi fito da saɓanin da ke tsakanin ikilisiyoyi a fili. Saɓanin kuma, kamar yadda za a gani, ya fi tsanani a kan 'yan tayin da ake haɗawa sannan ba a dasa su ba.

3.1 Yadda Aikin Yake

An haifi jaririya ta farko ta wannan hanya, Louise Brown, a garin Oldham na ƙasar Ingila ranar 25 ga Yuli, 1978. Waɗanda suka yi aikin su ne likita Patrick Steptoe da masanin kimiyya Robert Edwards da abokiyar aikinsu Jean Purdy. Matsalar mahaifiyar yarinyar ita ce toshewar bututun da ƙwai ke bi ya gangara mahaifa. Sai aka ciro ƙwan, aka haɗa shi da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, sannan aka mayar da ɗan tayin cikin mahaifarta. Sunan kwalba dai laƙabi ne kawai, domin a ɗan faranti ake haɗin.

Abin lura a nan shi ne yadda aikin ya koma daga baya. Da yake ba kowane dashe ne ke kamawa ba, likitoci kan yi wa mace alluran da za su sa ta fitar da ƙwai da yawa a wata guda. A haɗa su duka, a zaɓi ɗaya ko biyu a dasa, sauran kuma a daskarar da su a cikin ruwan iskar naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Tun a 1984 aka haifi jaririya a Ostireliya daga ɗan tayin da aka daskarar. Daskararwar ta rage wa mata wahala da tsada, amma ta haifar da abin da ba a taɓa gani ba a tarihi, wato ɗimbin 'yan tayi a ajiye cikin tukwanen asibiti, wasu iyayensu sun sami 'ya'yan da suke so, wasu sun rabu, wasu ma an rasa inda suke.

3.2 Abin da Aka Haɗu a Kai

Littafi Mai Tsarki bai ambaci wannan fasaha ba, don haka kowace ikilisiya ƙiyasi take yi daga wasu nassosi. Daga ciki akwai Farawa 1:27, inda aka nuna an halicci mutum cikin siffar Allah, da Zabura ta 139 da Irmiya 1:5, waɗanda ke nuna Allah ya san mutum tun yana ciki. Haka kuma littafin cike yake da labaran matan da suka ɗanɗana ɗacin rashin haihuwa, irin su Saratu da Rahila da Hannatu. Saboda haka manyan ikilisiyoyi ba su ɗauki neman magani a matsayin laifi ba, kuma sun haɗu a kan cewa ɗan da aka samu ta wannan hanya cikakken ɗa ne, darajarsa ɗaya da ta kowa. An ruwaito cewa Kadinal Albino Luciani, wanda ya zama Fafaroma John Paul na Ɗaya wata guda bayan haihuwar Louise Brown, ya yi wa jaririyar fatan alheri, ya kuma ƙi la'antar iyayenta, duk da cewa ya nuna fargaba game da inda fasahar za ta kai.

3.3 Matsayin Ikilisiyar Katolika

Ikilisiyar Katolika ce ta fi kowa tsayawa a kan hani, kuma ta rubuta hujjojinta dalla-dalla a takardar Donum Vitae, wato Baiwar Rai, wadda ta fito a 1987 ɗauke da sa hannun Kadinal Joseph Ratzinger. Hujjojin guda biyu ne, kuma ya kamata a rarrabe su, domin sau da yawa akan cakuɗa su.

Hujja ta farko ta shafi aure. Tun a wasiƙar Humanae Vitae ta Fafaroma Paul na Shida a 1968 aka kafa ƙa'idar cewa saduwar ma'aurata tana da fuska biyu da ba a raba su, wato haɗin kai da samun zuriya. Maganin hana ɗaukar ciki yana riƙe ta farko ya yar da ta biyu, haihuwar kwalba kuwa tana neman ta biyu ba tare da ta farko ba. A ganin wannan ikilisiya, ɗa baiwa ce da ake karɓa, kuma idan aka mayar da samuwarsa aikin ɗakin gwaji, to ya shiga sahun abin da ake sarrafawa, ana dubawa, ana zaɓa. Wannan ne ya sa takardar ta hana aikin ko da ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma ba a salwantar da ɗan tayi ko ɗaya ba, sai dai ta yarda cewa laifin irin wannan bai kai na sauran nauyi ba. Amma ta halatta duk maganin da zai taimaka wa saduwar ta kai ga ciki, kamar tiyatar buɗe bututu.

Hujja ta biyu ta shafi ɗan tayin kansa. Takardar ta ce tun daga haɗuwar ƙwai da maniyyi wajibi ne a girmama abin da aka samu kamar yadda ake girmama mutum. A nan akwai wata dabara da ta cancanci a tsaya a kanta. Takardar ba ta yanke hukunci a kan lokacin da kurwa ke shiga jiki ba. Malaman ikilisiyar na dā ma sun yi saɓani a kan haka. Thomas Aquinas, bisa bin ra'ayin Aristotle, yana ganin sai bayan kwanaki kamar 40 ga namiji ake samun kurwa mai hankali, kuma dokokin ikilisiya sun daɗe suna bambanta tayin da ya yi siffa da wanda bai yi ba, har zuwa 1869 da Fafaroma Pius na Tara ya daina amfani da bambancin wajen hukuncin zubar da ciki. Abin da ikilisiyar ke cewa shi ne, in har akwai yiwuwar abin nan mutum ne, shakka ba za ta zama izinin hallaka shi ba. Misalinsa kamar maharbi ne da ya ga motsi a cikin ciyawa, bai tabbatar ko gada ce ko mutum ba. Ba ya halatta ya saki kibiya.

Wannan matsayi bai sauya ba. An nanata shi a takardar Dignitas Personae ta 2008, kuma lokacin da aka ba Edwards lambar yabo ta Nobel a 2010, shugaban cibiyar nazarin rai ta fadar Batikan ya soki zaɓin, yana kafa hujja da 'yan tayin da ke daskare.

3.4 Matsayin Furotesta da Otodoks

Furotesta ba su da hukuma guda mai yanke wa kowa hukunci, don haka ra'ayoyinsu sun bazu. Tun kafin a haifi Louise Brown, Paul Ramsey (1970), ɗan ɗarikar Metodis, ya soki aikin a kan cewa gwaji ne a kan wanda ba a nemi yardarsa ba. Joseph Fletcher (1974) kuwa ya tsaya a ɗaya ƙarshen, yana ganin haihuwar da aka tsara da hankali ta fi dacewa da ɗan Adam fiye da wadda aka bar wa sa'a. Yawancin ikilisiyoyin Furotesta sun zauna a tsakiya. Ba su karɓi hujjar Katolika ta farko ba, domin a ganinsu auren gaba ɗayansa ne ke ɗauke da ƙauna da zuriya, ba lallai sai kowace saduwa ba. Don haka sun yarda da aikin tsakanin miji da mata.

A Ingila ne aka fi zurfafa muhawarar. Kwamitin Mary Warnock ya ba da shawara a 1984 cewa a yarda da bincike a kan ɗan tayi har zuwa kwana 14, kuma shawarar ta shiga doka a 1990. Dalilin zaɓen kwana 14 shi ne, kafin lokacin ɗan tayi guda yana iya rabuwa ya zama tagwaye, kuma a daidai lokacin ne alamar farko ta tsarin jiki ke bayyana. Masu wannan ra'ayi na tambaya, abin da zai iya zama mutum biyu, ta yaya za a ce ya riga ya zama mutum ɗaya? Akbishop na York, John Habgood, wanda masanin kimiyya ne kafin ya shiga aikin ikilisiya, ya goyi bayan dokar. Amma rahoton da Ikilisiyar Ingila ta fitar a 1985 ya nuna membobin kwamitinta ba su haɗu a kan ra'ayi guda ba. Har a cikin Katolika an sami wani fada, Norman Ford (1988), da ya rubuta littafi yana karkata ga hujjar tagwaye. Masu adawa kuma suka amsa da cewa iya rabuwa ba ya nuna babu rai guda kafin rabuwar.

Ikilisiyar Otodoks ta Rasha, a takardar da ta fitar a 2000, ta yarda a taimaka wa mace da maniyyin mijinta, ta hana na wani namiji da aron mahaifa, ta kuma hana duk haihuwar kwalba da ta ƙunshi tara 'yan tayi da ajiye su da zubar da rarar da gangan.

3.5 Matsalar Rarar 'Yan Tayi

Idan aka duba da kyau za a ga hujjar aure ta zauna kusan a hannun Katolika kaɗai, amma hujjar ɗan tayi sai ƙara samun magoya baya take yi, kuma tukwanen sanyi ne suka jawo haka. A watan Agusta na 1996, wa'adin shekara biyar da dokar Birtaniya ta sa na ajiya ya cika, aka zubar da 'yan tayi fiye da 3,000 waɗanda iyayensu ba su waiwaye su ba. A Italiya, dokar 2004 ta taƙaita haɗin zuwa uku kuma ta ce a dasa su duka lokaci guda. Da aka nemi soke wasu sassanta ta ƙuri'ar raba gardama a 2005, shugabannin Katolika suka nemi mabiyansu su ƙaurace, ƙuri'ar ba ta kai adadin da ake bukata ba. Kotun tsarin mulki ce ta soke iyakar ukun a 2009.

Misalin da ya fi nuna sauyin shi ne na Amurka. A watan Fabrairu na 2024 kotun ƙoli ta jihar Alabama ta yanke hukuncin cewa ɗan tayin da ke daskare yana cikin 'ya'yan da dokar diyyar kisa ta jihar ta kare. Wasu asibitoci suka dakatar da aikin nan take don tsoron ƙara, har sai da majalisar jihar ta yi dokar kāre su a watan Maris. Abin ya jefa Kiristoci masu adawa da zubar da ciki cikin tsaka mai wuya, domin da yawansu ta wannan hanya suka sami 'ya'ya ko jikoki. Shekara da shekaru suna cewa rai yana farawa ne daga haɗuwar ƙwai da maniyyi, ga shi kuma ba su tambayi makomar abin da ke ajiye a asibiti ba. A watan Yuni na wannan shekara babban taron Baftis na Kudancin Amurka, ɗarikar Furotesta mafi girma a ƙasar, ya zauna a Indianapolis ya amince da ƙudurin da ya nemi mabiya su yi amfani da fasahar da ke mutunta ɗan tayi kawai, musamman wajen yawan waɗanda ake haɗawa. Ƙudurin bai haramta aikin kai tsaye ba, kuma wasu wakilai da suka haihu ta hanyar sun tashi sun yi magana a kansa, amma ya nuna an matsa kusa da hujjar Katolika ta biyu.

Sauran tambayar ita ce yadda za a yi da waɗanda aka riga aka ajiye. Hanyoyin da ake da su huɗu ne, a ci gaba da biyan kuɗin ajiya, ko a narkar a zubar, ko a bayar don bincike, ko a ba wasu ma'aurata su dasa. Furotesta masu bishara sun rungumi ta huɗun, suna ɗaukarta kamar riƙon maraya, kuma tun 1997 wata ƙungiyar Kirista a Amurka ta fara shirin da ta kira Snowflakes don wannan aiki. Ƙudurin Baftis na 2024 ma ya ƙarfafa ta. Fadar Batikan kuwa, a takardar 2008, ta yaba niyyar masu yin haka amma ba ta amince da aikin ba, domin ya yi kama da aron mahaifa, wanda ta hana. Ta hana zubarwa, ta hana bincike, kuma ajiyar ma ba ta ɗauke ta a matsayin mutuntawa ba. Sai takardar ta fito fili ta ce wannan zalunci ne da ba a ga hanyar gyara shi ba, ta kuma maimaita kiran da Fafaroma John Paul na Biyu ya yi a 1996, cewa a daina haɗa sababbi.