Yadda Ganye Ke Aika Wa Kan Tsiro Saƙo: Furotin Masu Tafiya Tsakanin Ƙwayoyin Halitta

Idan ka taɓa noma dawa ta gargajiya, ka san wani abin mamaki game da ita. Wanda ya yi shuka da ruwan farko da wanda ya makara da mako biyu ko uku, sau da yawa dawarsu kan fitar da kai kusan lokaci guda, daf da ɗaukewar damina. Dawar tana auna tsawon dare ne. To amma ganye ne ke auna haske, fure kuma can a kan tsiron yake fitowa. Ta yaya labari ke tashi daga nan ya isa can, alhali tsiro ba shi da jijiyar saƙo irin ta dabba?

Amsar ta fara ne daga ginin ƙwayar halitta. Kowace ƙwaya ta tsiro tana zagaye da bango mai tauri, don haka inda aka haife ta nan za ta zauna har ta mutu. Sai dai bangon yana da 'yan ƙofofi da ke haɗa cikin ƙwaya da na maƙwabciyarta, kamar ƙofar da ake hudawa a katanga tsakanin gidajen 'yan'uwa. Eduard Tangl ne ya fara bayyana su a 1879, ana kuma kiran su filasmodesmata. Silin gashin kanka ya fi kowace ɗaya kauri sau fiye da dubu.

An daɗe ana ɗaukar cewa ƙananan abubuwa irin su sukari ne kaɗai ke ratsa su. Cutar tsiro ce ta tona asiri. A 1989 masu bincike suka nuna cewa bairos ɗin da ke sa ganyen taba dabbare-dabbare yana ƙera wani furotin da ke faɗaɗa ƙofar. Daga nan sai tambaya ta taso: ko dai bairos ɗin hanyar da tsiron ke amfani da ita tun asali ya samu ya bi?

Haka kuwa abin yake. A masara, an ga furotin mai suna KNOTTED1 a cikin ƙwayoyin saman kan tsiro, alhali ba a nan ake ƙera shi ba, a ƙwayoyin da ke ƙarƙashinsu ne. A 1995 aka tabbatar yana ratsa ƙofofin. Aikinsa shi ne hana ƙwayoyin kan tsiro saurin zama ganye, domin girma ya ci gaba.

Misalin da ya fi fito da hikimar a fili yana cikin saiwa. A wata 'yar ciyawa da ake yawan gwaji da ita, Arabidopsis, tsakiyar saiwa na ƙera furotin mai suna SHORT-ROOT. A 2001, Philip Benfey da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa yana fita zuwa layin ƙwayoyin da ke kewaye da tsakiyar. Da ya isa, sai wani furotin, SCARECROW, ya riƙe shi ya hana shi wucewa gaba. Layin da ya karɓi saƙon shi ke zama matata mai tantance ruwa da sinadaran da za su shiga jijiyoyin tsiron. Tsiron da ya rasa wannan furotin ba ya samun matatar, saiwarsa kuma gajera ce. Ka ga ke nan, ƙwaya tana gane aikinta ne daga abin da maƙwabciya ta miƙo mata.

Yanzu mu koma kan fure. A shekarun 1930, Mikhail Chailakhyan na Tarayyar Sobiyet ya ce akwai wani sinadari da ganye ke aikawa, ya sa masa suna filorijen. Gwaje-gwajen aure, irin wanda ake yi wa mangwaro, sun goyi bayansa: a ɗauko ganyen da ya samu tsawon daren da ya dace, a aura shi a jikin tsiron da bai samu ba, sai ya yi fure. Kusan shekara 70 ana neman sinadarin. A 2007 aka nuna cewa ƙaramin furotin ne, ana ce masa FT a Arabidopsis, Hd3a a shinkafa. Ana ƙera shi a jijiyoyin ganye, ya ratsa ƙofofin ya shiga bututun da ke kai sukari, ya isa kan tsiro, ya haɗu da wani furotin, FD. Daga nan kan tsiron ya bar yin ganye ya koma fure. Dawa ma tana da 'yan'uwan wannan furotin.

Ƙofofin ba a wangale suke kullum ba. Tsiro na tara wani sinadari mai suna kalos a bakinsu ya matse su, ya narkar da shi idan yana son buɗewa. A ƙasashen sanyi, wasu itatuwa kan toshe ƙofofin tohonsu kafin hunturu, saƙon girma ya kasa shiga, sai sanyi ya daɗe sannan su buɗe.

Me ya sa wannan ya shafe ka? Lokacin fure shi ke yanke hukuncin ko hatsi zai nuna kafin ruwa ya ɗauke. Masu samar da irin da ke nuna da wuri suna zaɓen ƙwayoyin gadon da ke sarrafa wannan saƙon ne, ko da ido suka yi zaɓen. Bairos ɗin da ke murɗe ganyen rogo kuwa ta waɗannan ƙofofin yake bazuwa daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Wahalar ita ce, idan aka toshe ƙofar gaba ɗaya don a tare cutar, an tare saƙon girma tare da ita. Shi ya sa masu bincike ke ƙoƙarin gano yadda ƙofar ke bambanta furotin na gida da baƙo.