Ƙaimi da Linzami: Yadda Ciwon Daji Ke Kama Hanta

Bara da kaka aka kawo mini wani magidanci ɗakin shan magani, cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi rawaya, ya rame ƙwarai. 'Yan'uwansa suka ce sammu ne, har sun sayar da awaki uku wajen neman karya shi. Na tura su Kano, likita ya ce ciwon daji ne na hanta, kuma an makara. Saboda shi na rubuta wannan bayani.

Ku sani, kowane ɗan Adam daga ƙwaya ɗaya tak ya faro, wadda ba a ganinta sai da madubin likita. A cikin mahaifa takan rabu biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, har Allah ya cika halittar jariri. Cikin kowace ƙwaya akwai umarni wajen iri 20,000, waɗanda muka gada daga uwa da uba. Waɗansu kamar ƙaimi suke, su ce wa ƙwaya, "Rabu!" Waɗansu kuwa linzami ne, su ce, "Tsaya, ya isa."

In jiki ya gama ginuwa, sai yawancin ƙaimin nan su lafa, ba su tashi sai in akwai gyara. Ciwon daji shi ne ƙaimi ya farka ba lokacinsa ba, linzami kuma ya tsinke. Kun san abin da doki ke yi in haka ta faru. Ƙwaya ta dinga rabuwa ba tsayawa, ta zama ƙari, ƙarin ya yaɗu.

Ga shaida. Akwai wani sinadari da hantar ɗan tayi ke yi, ta bar yinsa bayan haihuwa. A 1964 wani masani a Rasha, Tatarinov, ya same shi cikin jinin manya masu dajin hanta. Watau hantar ta koma aikin da ta yi tun tana cikin ciki. Har yanzu likitoci suna auna shi a jini.

To, me ke tsinka linzamin? A ƙasarmu abu biyu ne manya.

Na farko fumfuna. A 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila. Da aka bincika, sai aka tarar abincinsu ne, an haɗa shi da gyaɗa mai fumfuna daga Birazil. Aka sa wa dafin suna afalatoksin. A 1991 masana suka duba hantar masu ciwon daji a ƙasar Sin da kudancin Afirka, suka ga dafin nan yakan ɓata wani linzami da ake kira p53, kusan kullum a wuri ɗaya. Mu kuwa manoman gyaɗa da masara ne, kuma su ne fumfuna ta fi so. Suya ko dafuwa ba su kashe dafin.

Na biyu ƙwayar ciwon hanta iri B. Takan shiga ta jini, ko daga uwa zuwa jariri, ta zauna shekaru ba alama. Tana cin hanta, hanta tana gyara kanta, ƙaimi ba hutu, har wata rana umarni ya ɓaci. Wanda ya haɗa ciwon nan da cin fumfuna, haɗarinsa ya ninka sau da yawa.

Ga abin da kowane gida zai yi:

1. Ku shanya gyaɗa da masara a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa ba, su bushe ƙayau kafin a zuba a rumbu. Buhu kada ya taɓa ƙasa.

2. Uwargida, tsince baƙar gyaɗa da motsattsiya da mai ɗaci, ki binne. Kada ki ce asara ce ki sa ta cikin ƙuli-ƙuli ko kunu. Kada a ba dabbobi, gama dafin yana fita cikin nono.

3. A kai jariri allurar rigakafin ciwon hanta ran da aka haife shi, kada a jira suna. Sa'an nan a koma a mako na 6, da na 10, da na 14. Tun 2004 aka sa ta cikin rigakafin yara a Nijeriya, kyauta ce.

4. Wajen kaciya, ko aski, ko ƙaho, kowa da sabuwar reza tasa. Ku faɗa wa wanzami, ba rashin kunya ba ne.

5. Maigida da uwargida su je a auna jininsu. In an sami ƙwayar, akwai maganin da ke danne ta.

6. Mai ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko shawara, ko rama ba dalili, a kai shi babban asibitin Gaya tun da wuri. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Ciwon daji ba maita ba ne, kada a zargi maƙwabci ko kishiya. Ba a kuma ɗaukarsa ta cin abinci tare, saboda haka kada a guji mai shi. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.