Lu'ulu'un Halitta da na Kiwo: Yadda Ake Rarrabe Su a Tsofaffin Kayan Ado

Lu'ulu'un teku yana samuwa ne a cikin kawa, dabbar ruwan nan mai ɓawo biyu. Idan wani abu ya shige jikinta ya dame ta, sai ta riƙa lulluɓe shi da wani sinadari mai sheƙi, rufi bisa rufi, har ya zama ƙwallo. Wanda ya samu haka kawai shi ne na halitta, irin wanda masu ninƙaya na Bahrain da na mashigin Mannar, tsakanin Indiya da Sri Lanka, suka daɗe suna tsamowa. Na kiwo kuwa mutum ne ke dasa wa kawar ɗan ƙwallon da aka sassaƙa daga ɓawo, ita kuma ta yi masa rufi.

Kokichi Mikimoto na Japan ya samar da rabin ƙwallo a 1893, kuma a farkon shekarun 1920 mulmulallun na kiwo sun shiga kasuwannin Landan da Faris. Kasuwar na halitta ta karye. Misali, a 1917 kamfanin Cartier ya karɓi katafaren gida a New York a musayar sarƙar lu'ulu'un halitta mai zubi biyu da aka ƙiyasta dala miliyan ɗaya. Da aka yi gwanjonta a 1957, kuɗin da ta kawo bai kai dala dubu 200 ba.

Saboda haka shekarun sarƙa suna ba da haske, amma ba hujja ba ce. Zaren siliki yana ruɓewa a sake shi, kuma ba wuya a ɗaura tsohon maƙulli a kan sababbin ƙwallaye. Goga lu'ulu'u a haƙori, wanda dillalai ke yawan yi, jabun gilashi ko roba kaɗai yake tonawa, domin na halitta da na kiwo duk suna da ɗan kaushi.

Inda ake samun abin kamawa shi ne ramin zare. Da gilashin ƙara girma, a na kiwo akan ga iyaka, sau da yawa siririn layi mai duhu, tsakanin rufin waje da farin ƙwallon ciki; a nau'in Akoya rufin kan yi rabin milimita ko ƙasa da haka. Na halitta kuwa rufi ne tun daga baki har tsakiya, kamar albasa. Raminsa ma yakan fi ƙanƙanta, tunda da awo ake sayar da shi, mai huda ba ya son asarar nauyi. Idan aka haska fitila mai ƙarfi ta bayan na kiwo mai siririn rufi, ana iya hango layuka a jere na ɓawon da aka sassaƙa. Sarƙar da ƙwallayenta suka yi daidai wa daida a launi da siffa ita ma abin tuhuma ce.

Duk da haka, hukunci na ƙarshe na hoton eksire ne, musamman tunda ƙasar Sin na kiwon lu'ulu'un ruwan daɗi ba tare da dasa ƙwallo ba, waɗanda ba su da iyakar nan a rami. Cibiyoyi irin su GIA a Amurka, SSEF a Suwizalan da DANAT a Bahrain ne ke yin gwajin su ba da takardar shaida. Bahrain ma ta haramta cinikin na kiwo a ƙasarta.