Ɗakin Gwajin Sadarwa a Cikin Gida

Ɗalibai da yawa a Tudun Wada, Zariya, suna karanta yadda kwamfutoci ke sadarwa da juna, amma ba su taɓa haɗa ko da guda biyu ba. Wasu na zaton sai sun shiga Jami'ar Ahmadu Bello za su sami wannan dama. To, gani ya kori ji. Tsohuwar rauta guda ɗaya, wato na'urar da ke rarraba sadarwar Wi-Fi, ta isa a fara, ko da babu intanet.

Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ce ta fitar da ƙa'idar wannan sadarwa, mai lamba 802.11, a shekarar 1997. Rauta tana aika saƙo ne ta igiyar rediyo mai kaɗawa sau biliyan 2.4 ko biliyan 5 a daƙiƙa ɗaya. Yawancin ƙananan rautoci suna aiki da bolt 9 ko 12, don haka batir mai ƙarfin da ya dace zai iya riƙe su idan an ɗauke wuta.

Da farko, a danne ɗan maɓallin da ke bayanta na kamar daƙiƙa 10 domin ta manta da tsohon tsarinta. Sannan a haɗa ta da kwamfuta ta kebul, a buɗe manhajar shiga intanet, a rubuta adireshin da ke jikinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Shafin sarrafa ta zai bayyana. A nan za a sauya kalmar sirrin da ta zo da ita, a raɗa wa sadarwar suna, a kulle ta da tsarin WPA2 na 2004 ko WPA3 na 2018. A guji WEP, domin an daɗe da gano yadda ake fasa shi.

Daga nan sai gwaji. Rauta kan raba wa kowace na'ura adireshi da kanta ta hanyar tsarin DHCP. A kashe shi, a ba waya 192.168.1.10, a ba kwamfuta 192.168.1.11, sannan a tura umarnin "ping" a ga ko za a sami amsa. Sai a mayar da na wayar 192.168.2.10. Amsa za ta yanke, domin ta koma wata unguwa daban.

Gwaji na biyu shi ne a ajiye rautar a zaure, a nufi cikin gida da waya ana duba ƙarfin saƙon. Katanga mai kauri tana rage shi, kwano kuma yana mayar da shi baya. Idan maƙwabta na da tasu, a zaɓi tasha ta 1, 6 ko 11, domin su ne ba sa hawa kan juna a zangon biliyan 2.4.

Malamai na iya raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni ya rubuta abin da ya gani. Sai dai a kiyaye: gwaji a kan na'urarka ake yin sa, ba a kan ta maƙwabci ba.