Tanis A Kan Jar Ƙasa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi wa 'yan'uwana na Tambuwal da Kebbe magana a kan wasan tanis.

Manyan gasar tanis na duniya huɗu ne, amma ni wadda ta fi kwanta mini a rai ita ce ta Faris, babban birnin Faransa, wadda a ke kira Roland Garros. Ita kaɗai ce cikinsu a ke yi bisa jar ƙasa, watau garin gasasshen tubali da a ke shimfiɗawa. A irin wannan fili ƙwallo ba ta gudu ainun, sai ta yi tsalle sama, saboda haka mai ƙarfin hannu ba ya gama da abokin wasansa nan da nan, sai ya yi ta fama. Kuma inda duk ƙwallo ta faɗi sai ta bar shaida. In gardama ta tashi, alƙali ya sauko daga kujerarsa ya duba tabon, shi ke nan magana ta ƙare.

Masu sha'awar wasan nan kowa da abin da ya riƙe. Dattawa ba su manta da 1983 ba, sa'ad da Yannick Noah ya ci. Ubansa mutumin Kamaru ne, a Yawunde kuwa Arthur Ashe ya gan shi yana yaro cikin 1971, ya ba da labarinsa har aka kai shi Faransa. Mu tsaranmu Rafael Nadal muka sani, wanda ya ci gasar nan sau 14 tsakanin 2005 da 2022. Cikin 2025 kuwa Carlos Alcaraz da Jannik Sinner suka yi awa 5 da minti 29 suna bugawa. Sau uku Sinner na neman ci ɗaya tak ya ɗauki kofi, amma ƙarshe Alcaraz ya kayar da shi.

To, jama'a, kada a ce wannan abin Turawa ne kaɗai. A Kano an san gasar Dala da a ke yi a Kulob ɗin Kano, Kaduna ma ta yi suna da gasar filin ƙasa. Mu me ya hana mu? Tsawon filin ƙafa 78 ne, faɗinsa ƙafa 36, sai a ƙara wurin gudu a gefe. Marmara da jar ƙasa Allah ya ba mu, daɓe kuwa iyayenmu mata suka iya tun kaka da kakanni. Siminti tsada gare shi, yana kuma cin gwiwa.

Wahalarsa ɗaya ce, ruwa. Dole a riƙa yayyafa masa, a share, a danne, in ba haka ba hunturu ya kwashe shi. Don haka a yi shi kusa da rijiya, a damƙa wa ɗalibai kula da shi.

Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, da manyan malaman makarantu, su gwada ko da fili guda a kowane gari, da raga da 'yan abin bugu, mu ga abin da yaranmu za su yi.

Haza wassalam.

Naka, wani akawu, Tambuwal.