Tun Ran Gini, Tun Ran Zane

 Darasinmu na yau a kan gini yake. Za mu yi magana kan ginin wurin sana'a, wato shago, ko kanti, ko mangazar ajiye kaya, ko ɗakin injin niƙa.

Duk wanda ya zaga unguwannin Damagaram, daga Birni zuwa Zango da Sabon Gari, ya taɓa ganin ginin da ya tsaya a rabi. Bango ya kai kafaɗa, babu rufi, babu ƙofa, awaki ne ke kwana ciki. Kuɗin mai shi suna cikin bangon nan. Ba ya iya ciro su ya sari kaya, kuma ba ya karɓar haya. Sau da yawa abin da ya kawo haka shi ne an fara aiki kafin a yi lissafi.

Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Maginan da suka ƙawata gidajen Birni da Zango sun san ma'anar wannan magana. Ana zana bango ne tun laka tana ɗanya. In ta bushe, ba ta karɓar zane. Haka gyaran gini yake. Kuskuren da aka gani a kan takarda, goge shi ake yi a sake. Kuskuren da aka gani bayan an zuba siminti, sai an rushe, an sake sayen kaya, an sake biyan leburori. Saboda haka ginin kirki a kan takarda yake farawa. Ga abubuwa biyar da ya kamata a duba.

1. Fili da takardunsa

Kafin ka sayi buhun siminti ko ɗaya, tabbata filin naka ne, kuma akwai takarda. In gado ne, a raba shi gaban shaidu, a rubuta. In saye ne, ka karɓi takardar mallaka, ka karanta sunan da ke ciki da faɗin filin. Sa'an nan ka je ma'aikatar magajin gari ka nemi izinin gini. A can za a gaya maka inda iyakar hanya take. Gari yana girma, hanyoyi suna ƙaruwa. Kun ga yadda aka shimfiɗa kwalta a hanyoyi da dama lokacin shirin Zinder Sabuwa, don bikin 18 ga Disamba na shekarar 2018. Shagon da ya ci hanya, ran da aikin hanya ya zo, asarar mai shi ce.

2. Ƙasa da ruwa

Damagaram gari ne na duwatsu. A wani wuri da ka haƙa kaɗan sai ka ci karo da dutse, kuɗin haƙa harsashi ya ƙaru. A wani wuri kuma kwari ne, ko bakin kududdufi. Kada ka duba fili da rani kawai. Ka je ka gan shi cikin watan Agusta bayan an yi ruwa mai yawa. Ka tambayi maƙwabta inda ruwa yake bi. Ba mu manta ba, cikin watan Satumba na shekarar 2024, ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa wanda ya yi fiye da shekara 150 a tsaye. In ruwa ya iya wannan, ina ga ƙaramin shagon da aka gina a kan hanyarsa? A ɗaga dandamali, a fitar da indararo, a ba ruwa mafita.

Akwai kuma ruwan aiki. Ƙarancin ruwa tsohon al'amari ne a garin nan. Yana cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka mayar da babban birnin ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai a shekarar 1926. Gini kuwa mai shan ruwa ne. Da ruwa ake kwaɓa ƙasa, da shi ake buga bulo. Siminti ma yana son a riƙa shayar da shi ruwa har kwana 7, kuma sai ya yi kamar kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. Don haka kuɗin ruwa ya shiga lissafi tun farko.

3. Lokacin aiki

Damina a ƙasarmu tana kamawa wajen watan Yuni, ta kai Satumba. Mai ginin ƙasa ya buga tubali bayan kaka, ya bushe sarai, a yi gini, a rufe, a yi yaɓe da makuba kafin ruwan farko. Da damina kuma leburori da yawa suna komawa gona. Wanda ya fara aiki a makare, ruwa zai same shi ba rufi.

4. Lissafi

Nan ne amfanin karatunku zai fito. Ku ɗauki alƙalami mu yi tare. A ce shagon tsawonsa mita 4, faɗinsa mita 3, tsayin bango mita 3. Kewayen ɗakin shi ne 4 da 4 da 3 da 3, wato mita 14. Mu ninka 14 sau 3, ya ba mu 42. Mu cire 4 saboda ƙofa da taga, saura 38. Bulo mai tsawon santimita 40 da tsayin 20, guda 12 da rabi ne ke cika bango mai mita ɗaya tsaye, mita ɗaya kwance. To 38 sau 12 da rabi ya zama 475. Wasu za su fashe a hanya, saboda haka mu rubuta 500.

Haka za a yi wa sauran kaya. A rubuta kowanne a layinsa: siminti, yashi, tsakuwa, ƙarfe, katako, kwano, ƙusa, ƙofa, taga, ruwa, ladan magini, ladan leburori, kuɗin amalanke. Buhun siminti kilo 50 ne, buhu 20 ke yin tan ɗaya. A je kasuwar Dole da wuraren masu sayar da kayan gini, a tambayi farashi wuri uku, a rubuta. A haɗa jimla. Sa'an nan a ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda abin da ba a zata ba. In jimlar ta kama jaka 500, a tanadi jaka 550.

Kada a manta da jari. Shagon da aka gama babu kaya a ciki, ɗaki ne kawai. In kuɗi ba su isa ɗaki biyu ba, a yi ɗaya a gama shi, a bar wurin na biyu a cikin zane.

5. Zane da yarjejeniya

Ka zauna da magini a zana ɗakin tun kafin a haƙa harsashi. Ina ƙofa za ta duba? Amalanke zai iya tsayawa a sauke kaya? Ta ina wayar lantarki za ta shigo? In gobara ta tashi, ta ina za a fita? Gobarar da ta cinye babbar kasuwar Yamai a shekarar 1982 ta isa darasi ga kowane ɗan kasuwa. A kira mai aikin lantarki wanda ya san aikinsa, kada a ja wuta ta ɓarauniyar hanya.

Bayan haka a rubuta yarjejeniya. A faɗi aikin da za a yi, da kuɗinsa, da ranar gamawa. A raba biya kashi-kashi: bayan harsashi, bayan bango, bayan rufi. Kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe takardarsa. Wannan yana kare magini, yana kare mai gini, yana kuma tsare zumunci.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya auna ɗakin da yake kwana, ya lissafa bulo nawa zai ci. Ya kai wa malamin ajinsa ya duba. Wanda aka yi wa gyara a littafi bai yi asarar ko dala ba.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.